Kafin Ka Miƙa Musu Makullin Sito

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. An fara girbin gero, ruwan da ya kwanta a fadama ma ya soma janyewa. Innarka tana gaishe ka.

Tun daren Laraba da ka kira ni hankalina bai kwanta ba. Dawowarka gida ka kama noman rani abu ne da na daɗe ina roƙon Allah a kai, kuma na sa albarka. Muryarka ce ta dame ni. Ka ce wallahi ƙarshen watan nan za ka ajiye wa sabon manajan nan makullinsa ka taho, ko sisinsu ba ka so. Ban tanka maka a waya ba, don mai fushi ba ya jin lissafi, ita kuma waya ba ta riƙe shi. Da gari ya waye na buɗe akwatin ƙarfen nan, na fito da kwafin takardunka da ka ba ni ajiya da Babbar Sallah: takardar ɗaukar aiki, littafin ƙa'idojin kamfani, da takardun albashi guda uku. Na zauna da biro na yi abin da na shekara 35 ina koya wa 'ya'yan mutane.

Sisin da ka ce ba ka so, guminka ne na kusan shekara bakwai, kuma matarka da 'ya'yanka suna da haƙƙi a ciki. Ba ka da ikon yafe shi don wani ya ɓata maka rai.

Kana yaro lokacin da abin ya faru da baffanka, mai yiwuwa ba ka san yadda aka yi ba. Shekara tara ya yi a wata masaƙa a Kano. Wata rana suka yi cacar baki da shugaban sashensu, ya cire rigar aiki ya hau mota ya taho ƙauye, babu takarda babu sallama. Bayan mako uku zuciya ta huce, ya koma karɓar haƙƙinsa, ya tarar an rubuta a fayil ɗinsa cewa ya gudu daga aiki an kore shi, a ƙa'idarsu kuwa korarre ba shi da garatuti, wato kuɗin sallamar da ake ba ma'aikaci a dunƙule idan ya bar aiki. Aka ƙirga masa 'yan kwanakin da ya yi a watan, aka turo masa wata takarda da Turanci ya dangwala yatsa. Ni ya kawo wa na karanta masa. Takardar cewa take ya karɓi duk abin da yake bi, ba shi da sauran magana. Na yi ta bin ofisoshi tare da shi, ko'ina sai a nuna mana yatsansa. Har ya koma ga Allah bai daina ambaton kuɗin nan ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

To, mu zo ga naka.

Abu na farko da nake so ya zauna maka shi ne, garatutin ma'aikacin kamfani yana cikin takardar da kuka ƙulla da su ne. Mutanenmu da yawa suna ɗauka doka ta wajabta wa kowane mai kamfani ya biya shi, saboda sun saba ganin na gwamnati. A tsohon tsarin gwamnati akwai jadawali: wanda ya shekara 10 yana da garatutin albashin shekara guda cur da fansho kashi 30 cikin 100, kowace shekara kuma garatutin ya ƙaru da kashi 8, fansho da kashi 2, har a kai shekara 35, inda garatuti yake kashi 300, fansho kashi 80. Wannan bai shafe ka ba. Dokar Ƙwadago ta yi maganar notis, wato sanarwar barin aiki, da hutu da albashi, amma ba ta yanka wa kamfani garatuti ba. Abin da aka rubuta a takardar ɗaukarka, ko littafin ƙa'idoji, ko yarjejeniyar ƙungiyarku da kamfani, shi ne hujjarka.

Littafin naku ya ce wanda ya cika shekara biyar ya bar aiki ta hanyar da ta dace, za a ba shi albashin wata ɗaya a kan kowace cikakkiyar shekara. Na karanta layin nan ya fi sau goma, kuma wurare biyu ne suka tsaya mini a ciki.

Na ɗaya, "cikakkiyar shekara". Ranar 1 ga Disamba ka kama aiki. Idan ka tafi ƙarshen Satumba, shekararka 6 da wata 10, kuma wata goman nan ba za a ƙirga maka su ba ko ɗaya. Idan ka yi haƙurin wata biyu zuwa 30 ga Nuwamba, ka cika 7 cif. Wanda ya jure wata tamanin da biyu ba zai gaza jure biyu ba.

Na biyu ya fi nauyi. Sun ce "albashin wata ɗaya", ba su ce wanne ba. Takardar albashinka ta nuna kana ɗaukar naira 120,000, amma a rarrabe take: gundarin albashi, wanda kuke cewa besik, 60,000, kuɗin gida 30,000, na mota 18,000, na abinci 12,000. Idan da gundarin za a yi lissafi, 60,000 sau 7 ya ba da 420,000. Idan da jimillar ne, 120,000 sau 7 ya ba da 840,000. Ka dubi tazarar. Kalma ɗaya da ba a fayyace ba ta raba kuɗinka biyu, rabin nan kuwa zai saya maka injin ban-ruwa da takin farko. Akanta ba zai zaɓa maka mai yawan don kansa ba, kuma ban ga laifinsa ba, aikin da aka ɗauke shi ke nan. Kai ne za ka bincika tun kafin su san za ka tafi. Ka nemi mutum biyu ko uku da suka bar wurin a 'yan shekarun nan, ka tambaye su da wanne aka lissafa musu, in da hali ka ga takardar da idonka. Ka tambayi sakataren ƙungiyarku. Idan an saba biya da jimilla, babu dalilin da za a canza a kanka. Ka kuma tabbatar littafin da ke hannuna shi ne mai ci yanzu, don tun da aka kawo fanshon karo-karo a 2004 kamfanoni da dama suka soke garatuti ko suka sauya ƙa'idarsa. Idan sun sauya, ka nemi sanin ranar da aka sauya da abin da aka ce game da shekarun da suka gabata.

Sai notis. Doka ta tsara shi bisa daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar ko fiye. Kai wata ɗaya ne a kanka, haka takardarka ma ta ce, kuma dole a rubuce. Ranar da ka miƙa ba ta shiga ƙidaya, saboda haka kada ka wuce 31 ga Oktoba. Ka rubuta ƙarara cewa ranarka ta ƙarshe 30 ga Nuwamba ce. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Kada ka sa ƙorafi ko sunan kowa a ciki, layi huɗu da godiya sun isa. In ka tafi babu notis, za su cire kuɗin wata guda a madadinsa, sannan ka buɗe musu ƙofar da aka buɗe wa baffanka.

Akwai abin da nake tsoro a nan. Wani manajan da ya ga takardar sai ya ce ba sai ka jira ba, ga kuɗin notis ɗinka, tafi yau, shekara bakwai ɗin kuwa ba ta cika ba. Kai ka san halin mutumin, ni ban sani ba. Idan kana jin zai iya, ka bari sai 1 ga Disamba ta wuce sannan ka miƙa, ka ƙara wata ɗaya. Kada alkama ta ɗaga maka hankali. Ƙannenka za su yi huɗa su shuka a kan lokaci, ka zo ka tarar da ita ta fito.

Hutu kuma, doka ta ce aƙalla kwana shida na aiki bayan wata goma sha biyu, naku kamfanin yana ba da fiye da haka. Ka ce mini kana bin su kwana 18. Ko dai ka ci abinka kafin ka tafi, ko a biya ka. A doka da gundarin albashi ake lissafa kuɗin hutu, ban da alawus. Amma ka tambayi da nawa suke rabawa. In an raba 60,000 gida 30, kwana ɗaya 2,000 ne, kwana 18 ya zama 36,000. In an raba da kwanakin aiki 26, ya kai wajen 41,500. Abin da za ka lura da shi: adadin da suke rabawa da shi ranar da za su yanke wa mutum kuɗin fashin aiki, da shi ya kamata su raba ranar da za su biya shi. Mudu ɗaya ake awo da shi, saye da sayarwa.

Yanzu nasu haƙƙin da ke kanka, don ba zan koya maka karɓa ba tare da bayarwa ba. Bashin babur 200,000 ne, ana cire 10,000 duk wata. A lissafina zuwa ƙarshen Nuwamba ka biya wata 16, saura 40,000. Kai za ka fara ambatonsa, kada ka jira su tuna maka. In kana cikin adashi da abokan aiki, ka zuba naka har zagayen ya ƙare ko da ka riga ka kwasa. Katin shaida, rigar aiki, duk abin da yake nasu, ka mayar a rubuta an karɓa.

Sito shi ne inda na fi jin tsoro, domin mai kula da sito ba ya fita salin-alin sai ya yi da gaske. Kada ka miƙa makulli a tsaye a bakin ƙofa. A ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, kai da wanda zai karɓa da wani daga ofishin akanta, ko da zai ci kwana uku, kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Idan an sami giɓi kuma ka san daga wajenka ne, ka faɗi gaskiya ka biya, ba na son ƙwayar haram ta shigo gonar nan. Idan ba naka ba ne, kada kunya ta sa ka ɗauka. Doka ma ba ta bar mai kamfani ya yanki albashin ma'aikaci saboda asara yadda ya ga dama ba, sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce.

In ka haɗa garatuti da kuɗin hutu ka cire bashin babur, abin da ya kamata ka gani yana tsakanin 416,000 da wajen 841,500, ban da albashin watan ƙarshe. Ka rubuta naka lissafin a takarda ka shiga da shi aljihu. Ka ce su ba ka nasu a rarrabe, layi-layi. Jimilla ɗaya da aka rubuta a ƙasan takarda ba ta gaya maka komai.

Kuɗin fansho daban ne, kada wani ya haɗa maka shi da garatuti ya ce ai an biya ka. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga wajenka, kamfani ya ƙara kashi 10, a kan gundarin albashi da kuɗin gida da na mota. Naka 108,000 ke nan: 8,640 daga gare ka, 10,800 daga gare su, 19,440 duk wata, kuma cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya kamata su zuba. Cirewa a takardar albashi ba ta nuna an zuba. Ka je ofishin kamfanin fanshonka ka karɓi bayanin asusunka tun daga farko, ka bi shi wata-wata da biro. Duk watan da babu, ka rubuta, ka nema tun kana ciki, in ta ƙi akwai PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho. Asusun naka ne, lambarka ba ta mutuwa don ka bar aiki. Wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba, yana iya neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki. Na gaya maka don ka sani, amma shawarata ka bar shi. Noma yana da shekarar samu da shekarar ambaliya, ka ga abin da kogin Haɗeja ya yi mana a 2022.

Ranar sallama za su kawo takarda su ce sa hannu a nan. Ka ce da su cikin ladabi za ka je da ita gida ka karanta. Idan akwai layin da ya ce ka karɓi komai ba ka da sauran haƙƙi, kada biro ya taɓa ta sai lissafi ya daidaita kuma kuɗin sun shiga asusunka ka gani. In sun ce za su biya kashi-kashi, a rubuta nawa da ranakun. Na san ka da kunya, tun kana ƙarami ba ka iya tambayar canji a kanti. Wannan ba wurinta ba ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, to mai neman ladan nan bai yi rashin kunya ba. Idan aka sami saɓani, ka fara da ƙungiya, sannan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, suna zaunar da ɓangare biyu a yi sulhu. Kotun Ma'aikata ma tana zama a Kano, amma ina roƙon Allah kada a kai can. Ka kuma karɓi takardar shaidar aiki kafin ka fito, ka bi abokan aikinka ka yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, har shi manajan.

Na ba direban motar Haɗeja wasiƙar nan tare da takardar lissafin da na yi, zai kira ka in ya iso tasha. Ka duba ko na yi kuskure a watannin bashin babur, don takardun albashi uku kawai nake da su. Idan ka ji daga waɗanda suka riga ka barin wurin, ka kira ni bayan sallar isha'i, lokacin an fi samun sabis a nan. Innarka ta sa kuka da daddawa a cikin ƙullin, ta ce na matarka ne.

Allah Ya yi maka albarka, Ya raba ka da su lafiya.

Mahaifinka.