A Ba Masu Karatu Fili Su Faɗi Abin Da Littafi Ya Yi Musu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato tsokacin da mai karatu ke yi a kan littafin da ya gama karantawa. Ba sharhin masana na mujallun jami'a nake nufi ba. Ina nufin maganar mutumin da ya sayi littafi ko ya aro, ya zauna da shi kwana biyar ko mako biyu, ya kai bangon ƙarshe, yana son ya gaya wa ɗan'uwansa abin da ya tarar a ciki. Irin wannan magana ce ke sa littafi ya zaga hannun jama'a, amma yawanci a taƙaice take zuwa: "ya yi daɗi," "ya ƙayatar," "Allah ya ƙara basira." Addu'a ce mai kyau, sai dai wanda ya ji ta bai ƙaru da komai ba game da littafin.

Tsokaci yana amfani ne idan ya haɗa abu biyu: abin da littafin ya yi wa mai karatu, da daidai wurin da ya yi masa shi. A ɗauki ƙagaggen labari a yi misali. Wani zai rubuta, "Labarin yana da ban tausayi." Wani kuma zai rubuta, "A babi na tara, inda uwar ta ga takalman ɗanta a bakin ƙofa, ta ɗauka ta goge musu ƙura ta mayar ba ta ce uffan ba, nan na ajiye littafin na ɗan lokaci. Marubucin bai ce tana baƙin ciki ba, ya bar takalman su yi magana." Duka biyun tausayi suka ji. Amma na biyun ya ba ka abin da za ka je ka duba da idonka, ka yarda da shi ko ka musa, kuma ya nuna maka dabarar marubucin ko da bai ambaci kalmar salo ba. Gani ya kori ji.

Ba a samun irin wannan jimla bayan an rufe littafi sai dai in an tanade ta tun ana karatu. Hanyar mai sauƙi ce. A sa ƙaramar takarda a cikin littafin da fensir a kusa, a riƙa rubuta lambar shafi da kalma uku ko huɗu a wurare iri uku: inda abu ya burge mutum har ya tsaya, inda zaren maganar ya ɓace masa ya koma baya, da inda ya ji bai yarda da abin da aka faɗa ba. Littafi mai shafi 200 ba zai buƙaci fiye da layi goma sha biyar ba. In littafin aro ne, kada a yi rubutu a jikinsa ko a lanƙwasa kusurwar shafi. Bayan an gama, a bar shi ya kwana biyu ko uku kafin a rubuta komai, domin wanda ya yi rubutu a daren da ya gama, babin ƙarshe kaɗai yake yabo ko yake kushewa. Amma kada a wuce mako biyu, don daga nan sunayen taurarin labarin sun fara cakuɗewa.

Akwai kuma abin da ake yawan tsallakewa don ana ganin ƙarami ne: a faɗi wane littafi ake magana a kai ta yadda wani zai iya nemo shi. Sunan littafi da na marubuci ba su isa ba. A buɗe shafin da ke bayan shafin suna, inda ake sa bayanin haƙƙin mallaka, a kwafo sunan maɗaba'a, shekara, da ko bugu na nawa ne. A can ko a bangon baya ake samun lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, wadda tun daga 1 ga Janairu 2007 ta zama mai alƙaluma 13 tana farawa da 978 ko 979. Kafin nan alƙaluma 10 ne. Mai bango mai tauri da mai bango mai laushi da wanda ake karantawa a waya, kowanne da tasa lambar, haka ma bugun da aka yi wa gyara. Wannan yana da muhimmanci saboda mutum biyu kan yi ta musu a kan "shafi na 84" alhali bugu daban-daban ne a hannunsu. Wanda ya karanta a waya kuwa, gara ya ambaci babi, tunda lambar shafi kan canza da zarar an ƙara girman haruffa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne auna kowane littafi da mudu ɗaya. Mutum ya saba da ƙagaggun labarai, sai ya ɗauki littafin tarihi ya ce "ba ya jan hankali," ko ya ɗauki diwanin waƙoƙi ya ce "ban ga labari ba." Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma tambayar da ta dace da wannan ba ta dace da wancan ba.

A ƙagaggen labari, abin dubawa shi ne ko abin da taurari suka aikata ya fito daga halin da aka gina musu. Idan an nuna mutum matsoraci tun babi na farko, sai ga shi a babi na sha biyu ya yi jarumta babu wani abu da ya faru a tsakani da zai canza shi, wannan rauni ne, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya nuna shi. A kula da hira: a rufe sunayen masu magana da yatsa a karanta shafi ɗaya. In ba a iya gane wa ke magana ba, to muryar marubucin ce kawai aka raba wa mutum biyar. A kula da yadda aka warware rikici. Haɗarin mota, dukiyar gado da ta faɗo babu zato, ko mafarkin da aka farka daga shi a shafin ƙarshe, sau da yawa alama ce ta marubucin da ya rasa mafita. Jigo kuwa, kada a tsaya ga cewa "jigonsa haƙuri ne." A faɗi me labarin ya nuna game da haƙurin, wa ya yi shi, me ya jawo masa.

Littafin tarihi ko na kimiyya da sauran littattafan ilimi suna buƙatar wani aiki dabam, kuma a nan nake ganin mai karatu ya fi iya taimakon jama'a. Kafin komai, a dubi shekarar bugu. Littafin ilimin taurari da aka buga kafin 2006 zai ce duniyoyi tara ke zagaya rana, domin a watan Agustan wannan shekara ne ƙungiyar masana taurari ta duniya, a taronta na birnin Prag, ta cire Pluto daga jerin. Taswirar da aka buga kafin 2011 ba za ta nuna Sudan ta Kudu a matsayin ƙasa ba. Marubucin bai yi ƙarya ba, zamani ne ya wuce littafin, kuma wannan ya fi haɗari a littattafan lafiya da na shari'a, inda mutum zai iya aiki da abin da ya karanta. Sannan a juya zuwa ƙarshe a ga ko akwai manazarta da fihirisa. A zaɓi magana uku masu nauyi daga cikin littafin, kamar adadi, ko shekara, ko maganar da aka jingina wa wani, a bi su zuwa inda marubucin ya ce ya samo. In biyu cikin ukun ba su da madogara, a faɗa a tsokacin, da lambar shafinsu. A tarihi musamman, a tambayi bakin wa aka ji kuma bakin wa ba a ji ba. Tarihin rayuwa da mutum ya rubuta da kansa shaidar mutum ɗaya ce, a karanta ta a haka.

Waƙa ba a hukunta ta da ido. A karanta aƙalla baiti biyar da babbar murya; nan ake jin inda kari ya karye, da inda aka tilasta wa kalma shiga ƙarshen ɗango don amsa-amo kawai ba don ma'ana ba. A diwani mai waƙa arba'in, ya isa a zaɓi biyu da suka tsaya a rai da ɗaya da ba ta yi ba. Littafin yara kuma a karanta wa yaro, a lura da shafin da ya fara waige-waige da shafin da ya ce a maimaita, a kuma faɗi shekarunsa, don abin da ya riƙe ɗan shekara huɗu ba zai riƙe ɗan tara ba. Littattafan nasihar kyautata rayuwa tambaya ɗaya ke tona su: shawara nawa ce ta ainihi a ciki, kuma shafi nawa aka cika da maimaita ta? A littafin addini, mai karatu na iya magana a kan sauƙin bayani, tsarin babi-babi, da ko an nuna inda aka ɗauko hujja. Hukunci a bar wa malamai.

Fassara tana da haƙƙin da ake yawan dannewa. Duk jimlar da mai karatu ya yaba ko ya kushe, ta hannun mai fassara ta biyo, don haka dole a ambaci sunansa. Tun daga 2016 lambar yabo ta Booker ta ƙasa da ƙasa take raba kyautarta ta fam 50,000 daidai-wa-daida tsakanin marubuci da mai fassara, wanda ya nuna girman aikin. Wanda bai san harshen asali ba, abin da zai iya faɗa da gaskiya shi ne ko fassarar tana gudana ko tana tuntuɓe. Kada ya ce ta dace da asali ko ta kauce, tunda bai gani ba.

Sai maganar fasa ƙwai. Ba daidai ba ne a tona ƙarshen labari ga wanda bai karanta ba. Ma'auni mai kyau shi ne kada bayanin abin da ya faru ya wuce kashi ɗaya cikin uku na farkon littafin, kuma kada ya ci fiye da rubu'in tsokacin. In hujjar mutum ta rataya a kan ƙarshen, ya yi gargaɗi tun a layin farko. Ɗauko magana daga littafi halas ne: Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin marubuta, wadda aka fara ƙullawa a 1886, ta yarda da shi a sashenta na 10, muddin bai wuce kima ba kuma an ambaci littafin da marubucinsa. Layi biyu ko uku sun isa. Kwafe waƙa sukutum ko ɗaukar hoton shafuka a yaɗa, wannan cutar da marubuci ne komai kyawun niyya.

Gaskiya ita ce jarin mai tsokaci, kuma tana da wurare uku da takan zube. In mutum bai gama littafin ba, ya faɗi shafin da ya tsaya da dalili. Wannan ma bayani ne mai amfani, amma a daure a kai shafi 50 kafin a yanke ƙauna, don wasu littattafan a hankali suke kankama. In marubucin aboki ne ko ɗan'uwa, ko kyauta aka ba da littafin, a faɗa, mai karatu ya san yadda zai auna yabon. In kuma za a yi suka, a yi ta a kan abin da ke shafi. "Babi na shida ya maimaita abin da babi na huɗu ya faɗa" gyara ne da marubuci zai amfana da shi a bugu na gaba. "Wannan marubucin bai iya komai ba" cin mutunci ne, kuma babu wanda zai ƙaru da shi. Taurarin da ake ba littafi a matsayin maki daga ɗaya zuwa biyar ba sa maye gurbin wannan, domin tauraro uku na wani yabo ne, na wani kuwa kushe.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne a ware rabin shafi kowane mako, a buga tsokaci uku masu kalmomi 250 zuwa 350 kowanne, da cikakken bayanin littafin a samansa. Kada ukun su fito daga fanni ɗaya. Tsarin Dewey da ɗakunan karatu ke amfani da shi tun 1876 ya kasa littattafai gida goma, daga 000 zuwa 900: addini a 200, kimiyya a 500, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900. Wanda ke kula da shafin zai iya riƙe wannan jeri a gefen teburinsa yana sa alama, in ya ga wata guda ya wuce duk a 800 ake zagayawa, ya nemi masu karanta sauran fannonin su aiko. A karɓi tsokaci a kan tsohon littafi kamar yadda za a karɓa a kan sabo, tunda sharaɗin shi ne mai rubutun bai daɗe da karanta shi ba. In mutum biyu suka saɓa a kan littafi ɗaya, a buga su gefe da gefe. Marubucin da aka soki aikinsa kuma a ba shi kalmomi 150 ya mayar da martani a mako na gaba, bisa sharaɗin shi ma ya kawo lambar shafi.

Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar jaridarku a kowane mako.