Zuwa ga Habu a Kumasi

Assalamu alaikum Habu,

Da fatan kana lafiya, kai da Ummi da yara. Wata bakwai ke nan ban ji ɗuriyarka ba, ko kuɗin goro ne suka fara sa ka mance da mutane? Akwai tambayar da nake son yi maka a kan filin nan na bayan gari, amma bari in fara sauke abin da ya cika mini ciki.

Zangon nan an ɗora mini darasin tarihin siyasa. Ina cikin shiri na ci karo da wata tsohuwar takarda ta birnin Atina na ƙasar Girka, wadda aka rubuta fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da can wani marubucin Atina mai suna Zenofon ake jingina wa ita, daga baya masana suka ce ba tasa ba ce. Wallahi ina karantawa muryarka nake ji a teburin Ɗanjuma, kana buga cokali kana cewa talaka bai san inda ke masa ciwo ba. Mai takardar ya ce jahilci da rashin tarbiyya sun fi yawa a cikin talakawa, mulki ya kamata ya zauna hannun 'yan tsiraru masu asali da ilimi. Har ƙorafi yake yi wai a Atina ba ka da ikon dukan bawa, kuma bawan ba zai kauce maka a hanya ba, don suturarsa ba ta bambanta da ta ɗa ba. Amma na ga gaskiyarsa a wuri ɗaya: ya yarda cewa talakawan ne ke tuƙa jiragen yaƙi, ƙarfin birnin kuma a ruwa yake, saboda haka ba kyauta aka yi musu da mulkin ba.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai daren da na kusa komawa ɓangarenka. A shekarar 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Atinawa sun ci birnin Sparta, abokin gabarsu, a yaƙin ruwa na Arginusa, sai guguwa ta hana a ceto waɗanda jiragensu suka nutse. Taron jama'a ya fusata, aka haɗa kwamandoji takwas a ƙuri'a ɗaya, abin da doka ba ta yarda da shi ba, aka kashe shida da suka dawo gida, har da ɗan Ferikilis, shahararren jagoran Atina na da. Sokiratis, babban masanin falsafa, yana cikin masu jagorantar zaman, ya ƙi sa hannu, amma bai hana ba. Shi ne kuma yake tambaya: wa zai zaɓi matuƙin jirgi ko magini da ƙuri'ar sa'a? Ga shi majalisarsu ta mutum 500 haka ake cike ta. Na daɗe zaune a tabarma da wannan tambayar.

Af, kafin in manta, an sa ranar Bilki, bayan babbar salla. Kawu ya ce in ba ka zo ba kada ka sake gaishe shi. Sale kuma ya sayar da babur ɗin nan a ƙarshe, ka san wanda ya saya? Surukinsa! Yanzu ba sa ga maciji.

To, abin da ya dawo da ni shi ne shekarar 404. Sparta ta ci yaƙi, aka rushe dimokuraɗiyya, aka damƙa birnin ga mutum 30, irin waɗanda kai da mai takardar kuke so. Jagoransu Kiritiyas ɗan babban gida ne, marubucin waƙa, ɗan'uwan mahaifiyar masanin falsafa Filato, ya kuma zauna gaban Sokiratis. Cikin wata takwas suka kashe kimanin mutum 1,500. Suka taƙaita cikakken 'yanci ga mutum 3,000, suka riƙa kama baƙi masu dukiya don su cinye kayansu. Abokin mulkinsu Teramenis da ya ce abin ya yi yawa, guba suka ba shi ya sha. Habu, waɗannan fa su ne masu ilimin! Da mutanen Tirasibulus, jagoran masu son dimokuraɗiyya, suka ƙwato birnin a 403, sai aka yi rantsuwa cewa ba za a tono abin da ya wuce ba, ban da su shugabannin zaluncin. Talakawan da ake kira jahilai su suka riƙe wannan alkawari. Da na zo nan a aji sai da muryata ta yi rawa.

Na san me za ka ce, kotun jama'ar nan ce ta kashe Sokiratis a 399. Haka ne, kuma abin yana ci mini rai. Wata ɗaliba ma ta ɗaga hannu ta ce, Malam, wace jama'a ake magana tunda mata da bayi ba su da ƙuri'a? Na ce mata tambayarta za mu fara da ita mako mai zuwa.

Ka rubuto mini amsarka a takarda, kada ka turo mini muryar minti goma kana tauna goro. Inna tana jin sauƙin ƙafar, kullum sai ta tambaye ka. Ka gaishe da Ummi, ka ce mata man kaɗanyar ya iso.

Naka,
Isiyaku