Kafin a Tafi Mars, Wa Zai Kwashe Tarkacen da Ke Sama?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka taso da batun binciken sararin samaniya, kuɗin harba roka ake lissafawa, da burin kai mutum duniyar Mars. Ba a cika tambayar abin da zai faru da tauraron ɗan'adam bayan ya daina aiki ba, alhali nan ne babban haɗarin yake.

Abin da ke zagaya duniya a nisan kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take, yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa. A irin wannan gudu, ƙusa ma harsashi ce. A 2007 Sin ta tarwatsa tsohon tauraronta Fengyun-1C da makami, ya bar gutsattsari sama da 3,000. A Fabrairun 2009 kuma tauraron Iridium 33 na Amurka ya yi karo da mataccen tauraron Kosmos 2251 na Rasha a saman Siberiya. Na'urorin da ke ƙasa suna bin sawun gutsuren da ya kai santimita 10, sai a kauce masa. Wanda bai kai haka ba da wuya a hango shi, kuma ya isa ya huda kumbo.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, tsada ce ke sa a yi ƙasa a gwiwa. Idan tauraro ya gama aiki, a zubar da ragowar mansa, a sauke cajin batiransa don kada ya fashe. Na ƙasa da kilomita 600 'yar iskar da ta rage a can sama za ta janyo shi ya ƙone cikin 'yan shekaru. Na kilomita 800 zuwa sama yakan shafe gomman shekaru ko fiye. Shi ya sa a 2022 hukumar sadarwa ta Amurka ta rage wa'adin saukar da taurarin da suka gama aiki daga shekara 25 zuwa 5.

Taurarin sadarwa da ke nisan kilomita 35,786 kuwa ba a sauko da su, ɗaga su ake yi da kimanin kilomita 300, kuma sai da mai a tanki. NigComSat-1R na Najeriya yana can tun Disamban 2011, an ƙera shi don shekara 15. Ina roƙon wakilanku su tambayi hukumar da ke kula da shi nawa ne man da aka ware don wannan ɗagawar.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya