Takardar Koke Kan Korar Marasa Matsuguni da Sare Bishiyar Filin Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo. Mu talakawanka mazauna unguwar da ke kewaye da tsohon fili ne muka ɗauki alƙalami, kuma da tura ba ta kai bango ba, da ba mu dame ka ba.

Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu, wasu mutane suka zo da mota suka tashi bayin Allahn da ke kwana a rumfar tsohon ginin da ke bakin fili. Ba takarda, ba sanarwa. Suka tara tabarmi da buhunan kayansu suka cinna wuta. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana mana gyaran takalma a wurin. Da gari ya waye mun tarar da shi durƙushe yana tona toka da kara, yana neman allurarsa da katin asibitinsa. Kafin rana ta take kuma an sare bishiyar da iyayenmu suka sha inuwarta. Da muka tambaya, sai aka ce wai rukunin shaguna za a gina, kuma umarni ne daga sama. Ranka ya daɗe, muna so mu san wanda ya ba da wannan umarni, da dalilin da ya sa sai cikin dare.

Ba za mu ɓoye maka ba, bakinmu bai zo ɗaya a kan komai ba. Akwai masu son shagunan, musamman iyaye mata da ke shan tafiya kafin su yi sayayya, da matasa masu fatan samun aiki. Akwai masu kukan cewa wasu daga cikin masu kwana a rumfar na ɓata magudanar ruwa, kuma da gaskiyarsu. Amma kora ba ta ba kowa ɗaki ba. Yau ga su nan a ƙofar gidajenmu da bayan makaranta, sanyi na dukansu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda wasu sababbin maƙwabta masu dogayen katangu suka tashi a taron unguwa suka kira waɗannan mutane ƙazanta. Da yawansu fa 'yan haya ne a da a layukan nan namu, kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu. Mun kuma ga yadda ake yi: babban kanti ya shigo, haya ta tashi, mai gida ya sallami ɗan haya ya fasa ɗaki ya mai da shi shago, mai ɗan teburin da ke ba mu bashi zuwa ƙarshen wata ya tattara nasa ya nasa. Sashe na 25 na jawabin haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 1948 ya lissafa matsuguni cikin haƙƙoƙin kowa, bai ware mai hali ba.

Mun rubuta a baya, mun je ofis, an ce mu dawo, mun dawo, an ce an kafa kwamiti, har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Muna roƙon alfarma a dakatar da duk wani gini a filin nan har a zauna da mu, da masu so da marasa so. A nuna mana takardar izinin ginin. A samar wa waɗanda aka kora wurin kwana mai banɗaki, a biya su kayan da aka ƙona. In har za a yi shagunan, a ware wa ƙananan 'yan kasuwarmu wuri a kuɗin da za su iya, a dasa wasu bishiyoyin. Muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a binciki waɗanda suka zo daren nan, domin dattijon nan har yanzu bai koma sana'arsa ba.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwar bakin tsohon fili.