A nuna wa ɗalibai rayuwar taurari a sararin Kano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don jan hankalin malaman kimiyya na makarantun sakandaren Kano. Ana koyar da rayuwar taurari a kan allo, yaro ya haddace ya manta, alhali kusan duk matakan suna nan a sama da dare.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan sallar isha, za a ga taurari uku a jere reras, ana fara ganinsu ta gabas. Kusa da su ta kudu akwai wani ɗan haske dishi-dishi. Wannan gajimaren iskar haidurojin da ƙura ne, nisansa ya kai kimanin shekarar haske 1,300 (shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci a shekara guda), kuma a cikinsa ake haihuwar taurari yanzu haka. Nauyin gajimaren ne ke jawo shi ya dunƙule, cikinsa ya yi ta zafi. In zafin ya kai digiri miliyan 10, haidurojin ya fara haɗewa ya zama hiliyam, tauraro ya kunnu.

Kaza da 'Ya'yanta, da kowa ya sani, taurari ne matasa masu kimanin shekara miliyan 100. Rana kuwa, wadda ita ma tauraro ce, ta kai tsakiyar rayuwarta: ta yi shekara biliyan 4.6, tana da sauran kusan biliyan 5. A kowace daƙiƙa tana cin haidurojin tan miliyan 600. In ya ƙare a cibiyarta, za ta kumbura ta yi ja, ta zubar da ɓawonta, cibiyar ta rage fara, girmanta kamar na duniyarmu, ta yi ta hucewa a hankali.

Inda ɗalibai suka fi rikicewa shi ne batun nauyi. Suna zaton babban tauraro ya fi daɗewa tunda ya fi yawan makamashi. Ba haka ba ne. Nauyi mai yawa yana matse cibiya, zafi ya ƙaru, makamashin ya ƙone da sauri, kamar murhun da aka cika wa fifita. Tauraron da ya ninka nauyin rana sau 20 bai fi ya yi shekara miliyan 10 ba. Wanda ya wuce nauyin rana takwas yakan ci gaba da haɗa sinadarai, daga kabon zuwa oksijin, har ya kai ga ƙarfe. A nan tafiyar ke tsayawa, domin haɗa ƙarfe cin ƙarfi yake yi, ba ya bayarwa. Cibiyar sai ta rufta cikin ƙasa da daƙiƙa guda, tauraron ya fashe. Abin da ya saura ko dai dunƙulen nutron, wato matsattsiyar cibiya mai faɗin kilomita 20, ko baƙin rami, inda ko haske ba ya iya fitowa. Masanan Sin sun rubuta irin wannan fashewa a 1054, har da rana tsaka ana ganinta.

Jan tauraron da ke arewa da jerarrun taurari ukun nan, Betaljus, yana kan wannan hanya. Dusashewar da ya yi a 2019 da 2020 ƙurar da ya fesar ce ta rufe shi.

Fitar ba ta da tsada, amma tana da sharuɗɗa. A zaɓi ƙarshen watan Musulunci, lokacin da babu farin wata da farkon dare. A guji daren da hazo ya yi kauri. Fitilun cikin birni suna dusashe hasken gajimaren nan, don haka a fita bayan gari ko a samu filin makaranta mai duhu. Ido na buƙatar minti 20 kafin ya saba da duhu, kuma hasken waya ɗaya ya isa ya mayar da aikin baya. Ƙaramin madubin hangen nesa na hannu ya wadatar, amma a gargaɗi yara da kakkausar murya kada su taɓa duban rana da shi, domin yana makantarwa.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyya,
Kano