Don Allah a canza tambayoyin da ake yi wa 'yan fim

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah Ya ƙara basira. Ni dai mai karanta shafinku na nishaɗi ne ba fashi, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da hirarrakin da ake yi da 'yan fim, ba naku kaɗai ba, har na rediyo da talabijin da waɗanda ake ɗorawa a YouTube, shi ne na ce bari yau in amayar da shi ko na samu sauƙi.

Wallahi kafin in buɗe hira na riga na san tambayoyin. Ka ba mu taƙaitaccen tarihinka. Me ya ja hankalinka ka shiga fim. Wane ƙalubale ka fuskanta daga iyaye. Yaushe za ki yi aure, ko in ta taɓa yi, me ya kashe auren. Wa kike rigima da ita a masana'antar. Sai a rufe da wane kira za ka yi ga masoyanka. Shi ma jarumin ya haddace amsa, ya shigo ne don faɗakarwa, ba shi da abokin faɗa, kowa nasa ne, shikenan an tashi. Mutum ya yi shekara ashirin a gaban kyamara, ya fito a malami ya fito a ɓarawo ya fito a mahaukaci, amma ka gama karanta shafi biyu ba ka san komai ba a kan yadda yake aikin, sai dai ka san launin da ya fi so.

Abin da na lura da shi shi ne, maganar gaskiya ba ta fitowa daga bakin ɗan wasa sai ya kai inda ba ya tsoron rasa komai. Wanda tauraronsa ke haskawa ba zai faɗa ba, don furodusan da zai taɓa shi ne zai kira shi aiki gobe, kuma ban ga laifinsa ba, kowa yana kare tukunyarsa. Amma tsoho, ko wanda aka daina yayinsa, ko wanda ciwo ya kwantar, to shi in ya buɗe baki sai ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Ka tuna 2022 da Ladin Cima ta yi hira da BBC Hausa a shirin Daga Bakin Mai Ita, ta yi maganar irin ɗan abin da ake sallamarta da shi in ta yi aiki, ai masana'antar gaba ɗaya sai da ta girgiza, wasu masu shirya fim suka fito suka musanta, wasu suka ce ta yi daidai, aka yi kwana da kwanaki ana cacar baki. Ni ba alƙali ba ne a wannan rigimar. Abin da ya tsaya min shi ne, matar nan tun zamanin wasan kwaikwayon talabijin ake ganinta, amma sai da ta tsufa aka samu wanda ya zauna ya saurare ta, kuma daga wannan hira ɗaya mutane da yawa suka fara sanin cewa wanda kake gani a fim cikin katafaren gida ba lallai ne yana da ɗakin kansa ba.

To ga abin da ni nake so in ji, kuma shi ne ba a tambaya: yaya mutum yake rabuwa da rol, wato halin da ya fito a cikinsa a fim? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Yusuf Khan, ya yi suna a Indiya da fina-finan baƙin ciki, kullum shi ne wanda soyayya ta kashe, shi ne mai kuka, shi ne mai mutuwa a ƙarshe, har abin ya bi shi gida ya fara taɓa masa zuciya, ya je ya ga likitan ƙwaƙwalwa a Ingila aka ba shi shawarar ya riƙa karɓar fina-finai masu raha. Da bakinsa ya ba da labarin, kuma ya bar littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014, kafin ya rasu a 2021 yana da shekara 98. Kaga wannan amsa ce da ba za ta taɓa fitowa daga tambayar wane launi ka fi so ba.

Akwai wani Ba'amurke ma, Leonard Nimoy, da ya fito a wani hali mai suna Spock a shirin Star Trek tun 1966. Sunan ya manne masa har mutane suka daina ganinsa sai Spock ɗin. A 1975 ya rubuta littafi ya sa masa suna wai shi ba Spock ba ne, masoya suka ji haushi suna ganin ya raina abin da ya ɗaga shi. Shekara ashirin bayan nan, a 1995, ya sake rubuta wani ya ce shi ne Spock. Ni wannan abu yana burge ni, mutum ɗaya, rol ɗaya, amma sai da ya ɗauki shekara ashirin kafin su shirya da juna. Kuma ba sai an je Amurka ba. Mutum nawa ne in ka ce Rabilu Musa za su ɗan yi jim, amma kana cewa Ibro an gane? Haka Usman Baba Pategi, Samanja kawai duniya ta sani. Dan'azumi Baba yau in ba Kamaye ka ce ba wasu ba za su san da wa kake ba. Yaya mutum yake ji in sunan da ubansa ya raɗa masa ya ɓace, na wasa ya maye gurbinsa, har 'ya'yansa a kira su da shi a makaranta? Daɗi yake ji ko ciwo, ko dai duka biyun ne, yau wannan gobe wancan? Wannan ita ce tambayar.

Balle kuma masu fitowa a mugaye. Marigayiya Saratu Gidado, Daso, da ta rasu a watan Afrilun 2024, an fi saninta da rol ɗin masifa, uwar miji mai hana ruwa gudu ko kishiya mai makirci, kuma ta iya har ka ji kamar ka shiga cikin talabijin ɗin ka rama wa yarinyar. To mu 'yan kallo muna da wata ɗabi'a, duk wanda ya iya mugunta a fim sai mu ce ai halinsa ne, in ba halinsa ba ne ya aka yi ya iya haka. Alhali wannan iyawar ita ce sana'ar. Amrish Puri na Indiya da ya fito a mugun nan Mogambo a 1987 har ya mutu a 2005 bos ake kallonsa. Wanda ya fito a jarumi yana tafiya ana ɗaga masa hannu, wanda ya fito a bos yana tafiya ana harararsa, kuma sau da yawa bos ɗin ne ya riƙe fim ɗin. Ina so wata rana a zaunar da irin waɗannan a ce, ranar da aka fara zaginka a hanya saboda fim me ka yi, ka taɓa ƙin karɓar wani rol saboda surukanka za su kalla, in an ce ka mari dattijon da ya isa ya haife ka a gaban kyamara ya kuke ƙarewa bayan darakta ya ce a yanke.

Sai maganar faɗuwa, wadda kowa ke gudunta. Harkar fim yayi ce, kuma yayi ba ya sallama in zai tafi. Wayar da a da ba ta hutawa sai ta yi shiru, yaron da ka koya wa tsayuwa a gaban kyamara shi ne yanzu ake jira a lokeshan kai kuma a ba ka fitowa biyu a matsayin baban yarinya. Amitabh Bachchan da kansa, duk girmansa, kamfaninsa ya karye a ƙarshen shekarun 1990 bashi ya yi masa katutu, kuma ya sha ba da labarin yadda ya taka ya je wajen darakta Yash Chopra ya ce masa ba shi da aiki, ya taimaka ya ba shi, daga nan ya dawo a 2000 da rol ɗin dattijo da kuma shirin kacici-kacici na talabijin. Bai ji kunyar faɗa ba, kuma faɗar ba ta rage shi da komai ba. Mu kuwa in ɗan wasa ya ce an daina kiransa sai a cika kwament da ai dama, ina kuɗin da ya samu a baya, Allah Ya ƙara. To wa zai sake faɗa? Kashi mai yawa na laifin nan namu ne mu masu kallo, mu muke cewa su faɗi gaskiya kuma mu ne masu jifa in sun faɗa, sai a yanko daƙiƙa talatin daga hirar awa guda a yi ta yawo da ita a TikTok ba kai ba gindi.

Game da rayuwar gida kuwa, nan ne ni da 'yan jarida muka fi saɓani. Ni a ganina ɗan wasa bashin aikinsa muke binsa, ba bashin ɗakinsa ba. Ɗan fim ɗin Amurka Chadwick Boseman ya yi shekara huɗu yana fama da kansar hanji, a cikin ciwon ya yi manyan fina-finansa, bai faɗa wa duniya ba har ya rasu a 2020 yana da shekara 43, har wasu sun yi ta yi masa ba'a a intanet da suka ga ya rame. Michael J. Fox kuma, shi ma ɗan fim ne a can, an gano yana da cutar karkarwar jiki ta Parkinson a 1991, ya riƙe abinsa shekara bakwai sai 1998 ya bayyana, daga baya ya mayar da maganar ciwon aikin rayuwarsa. Ɗaya ya yi shiru ɗaya ya yi magana, kuma duk cikinsu ba wanda ya yi laifi, don kowa shi ya zaɓi lokacinsa. Matsalar ita ce a tsare mace a gaban kyamara a ce sai ta faɗi abin da ya raba ta da mijinta, ana matsa mata har ta yi hawaye, sai a sa hoton hawayen a gaban bidiyon don a samu masu dannawa. Kuma ka lura, namiji a kan tambaye shi fim nawa ya shirya, mace kuwa tambayar aure ce farko ita ce ƙarshe, kamar ba ta yi aikin komai ba. In ita ta ga dama ta buɗe wannan ƙofar, to a saurara da mutunci. In ba ta buɗe ba a tambaye ta aikinta mana, akwai abin faɗa a can.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu ban bari sai gobe ba, mutanen nan tafiya suke yi. Ibro ya rasu a Disambar 2014, Kasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, ga Daso. Daga fim ɗin Hausa na Turmin Danya na 1990 zuwa yau an haura shekara talatin, waɗanda suka fara da ƙuruciyarsu yanzu furfura ta fito. Su ne suka san yadda ake ɗaukar fim da kyamara ɗaya, yadda kasuwar kaset ta tashi, yadda CD ya zo ya tafi, yadda satar fasaha ta karya mutane, yadda aka koma masu dogon zango a talabijin da YouTube. Mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999 ta yi ƙoƙari sosai wajen adana irin wannan, a yaba mata, amma aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Duk ranar da aka ce wane ya rasu sai kowa ya ɗora hotonsa yana Allah sarki, alhali yana raye ba wanda ya je ya zauna da shi na awa biyu.

Shi ya sa nake roƙonka Malam Edita, ko sau ɗaya ne a wata, a ware shafi a nemo dattijo ɗaya ko dattijuwa a cikinsu, ba sai mai tashe ba, har waɗanda kullum suke fitowa a maigadi ko mai unguwa ko kakar yarinya. Wanda za a tura ya fara zama ya kalli fina-finan mutumin ko guda biyar ne kafin ya je, don ɗan wasa yana gane wanda ya kalli aikinsa tun daga tambayar farko, kuma shi yake sakar wa jiki. A tambaye shi wane rol ne yake da-na-sanin karɓa, wanne ne ya so a ba shi aka ba wani, wane ne a cikin abokan aikinsa yake ganin ya fi shi iyawa amma bai samu suna ba. In ya yi shiru yana tunani kar a katse shi da wata tambayar, a bar rakoda tana juyawa. Kuma in an zo bugawa don Allah a bar masa maganarsa yadda ya faɗe ta, ko da za ta kai mako biyu ana ci gaba.

Na gode da wannan fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai karatunku na kullum