Masarautar Kitsuregawa da maganar daraja

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka bani dan fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Tunda aka fara takaddamar masarautun Kano, wacce ce mai daraja ta daya wacce ce ta biyu, majalisarmu ta bayan la'asar bata da wata hira sai wannan, har wani yake cewa ai masarautar da bata da fadin kasa da kudin shiga suna ce kawai. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, shi yasa nake so masu karatu suji labarin wata yar karamar masarauta a kasar Japan da yarona ya karanto min a waya, sunanta Kitsuregawa, wajen yanzu yana cikin garin Sakura a yankin Tochigi, arewa da Tokyo.

Zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, da shinkafa ake auna girman sarki. Ma'auninsu koku ne, wajen buhu daya da rabi kenan, abinda mutum daya zai ci a shekara. Kafin a kira ka sarki mai kasa sai kasarka tana bada koku 10,000, masarautar Kaga ma ta haura miliyan. To Kitsuregawa 5,000 ce kacal, rabin mafi karanci fa, amma a fada ana basu girma irin na mai koku 100,000, kuma an dauke musu dokar nan da ta tilasta wa sauran sarakuna zaman shekara guda a babban birnin Edo (Tokyo ta yanzu) shekara guda a gida, dokar da ta tsiyata sarakuna da yawa saboda kudin hanya da rakiya.

Dalili? Asali. Jinin gidan Ashikaga ne, wadanda suka rike kasar sama da shekara 200 kafin mulkinsu ya fadi a 1573. Wani reshe na gidan ya rabe biyu suna gaba da juna har ya kusa karewa, sai Toyotomi Hideyoshi, mai rike da kasar Japan a lokacin, ya hada auren zumunci tsakanin Kunitomo daga wannan bangare da Ujinohime daga dayan, ya yanka musu kasa. Kunitomo ya rasu a 1593, aka sake daura mata aure da kaninsa Yoriuji don kar gida ya mutu, kamar dai yadda iyayenmu suke yi. Ita kuwa baiwar Allah ko tarewa a Kitsuregawa bata yi ba, a Koga kasar mahaifinta ta zauna har ta rasu.

Talauci kam sun sha shi, don girma baya cika rumbu. Abinda ya rufa musu asiri garin yana kan babbar hanyar arewa, manyan sarakuna irin na Sendai in zasu Edo da dubban mutanensu nan suke yada zango, masu masauki da yan kasuwa su samu. A haka suka rike gidan har 1868 suka koma amsa sunan Ashikaga, a 1870 suka mika kasar ga gwamnati, shekara daya kafin a rushe masarautun gaba daya.

Abinda yafi bani tausayi Malam Edita, ni ina zaune a kauye na san sunan matar da aka aurar shekara 400 da suka wuce a Japan, amma a garinmu dattijon da ya haddace jerin dagatanmu tun daga na farko ya rasu bara da damina, babu wanda ya dauki biro ya rubuta, har da ni da na koyar shekara da shekaru. Ina rokon ku ware shafi ko sau daya a wata, ku turo wakilinku Roni da Gwiwa da Yankwashi ya zauna da tsofaffin da suka rage, in yazo ni zan raka shi gida gida.

Naku,
Tsohon malamin firamare, daga karamar hukumar Roni, jihar Jigawa